Maƙerar haɗin gwiwa da ɗakin baje koli: kurakuran da aka fi yi da yadda za a gyara su

Maƙeran fari, masu aikin azurfa da zinariya da tagulla, sun daɗe da sanin amfanin zama wuri guda. Wanda ya taɓa shiga ƙauyen masu sana'a na Wadata a Yamai, ko rumfunan masu aikin hannu da ke cikin gidan tarihi na Boubou Hama, ya ga yadda mai saye ke tsayawa yana kallon ana ƙira, sannan ya sayi abin da aka gama a gabansa. Matasa da yawa a Kano, Damagaram da Agadas na son kafa irin wannan wuri. Sai dai akasari ba rashin kayan aiki ke kayar da su ba. Abin da ba a auna ba kuma ba a rubuta ba, shi ke raba su.

Kuskure na farko, kuma mafi girma, shi ne a fara da fenti da gilashin nuni kafin a sayi sikeli mai kyau da littafi. A sana'ar nan, ƙurar da ta faɗi ƙasa ma kuɗi ce. Duk wanda ya goga zobe da magagari ya zubar da garin azurfa, kuma idan mutum shida suna aiki a kan benci ɗaya, wa ke da garin? Wata uku ba za a yi ba sai an fara kallon juna. Gyaran ba shi da wuya: kowa da mazauninsa, da fata ko faranti a ƙarƙashin hannunsa don tare gari, da akwatinsa mai makulli. Ƙarfen da ya shigo a auna shi da giram a gaban mutum biyu, wanda ya fita ma haka. Sharar ɗakin kada a zubar. A tara ta a gwangwani, a narke ta a ƙarshen shekara, kuɗin ya shiga asusun kowa da kowa. Wasu na ganin auna kayan ɗan'uwa kamar zargi ne. Ni a ganina shi ne babban gatan da za ka yi wa zumuncinku, domin sabo da kaza ba ya hana yanka.

Daga nan sai zancen ingancin ƙarfe. Azurfar da ake buga wa lamba 925 tana nufin kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce, sauran galibi jan ƙarfe. Tsohon liyari, wato kuɗin azurfa mai ɗauke da shekarar 1780, wanda iyayenmu maƙera suka riƙa narkewa, bai kai haka ba, kusan kashi 83 ne. Zinariya karat 18 kashi 75 ce, karat 21 kashi 87.5. Idan mutum ɗaya ya sa farin ƙarfe a gilashi ya ce azurfa ce, ranar da yatsan mai saye ya yi kore ba sunansa za a kira ba, sunan wurin za a kira. Don haka a samu dutsen gwaji da ruwan gwaji, a naɗa dattijo ɗaya da zai duba kowane kaya kafin ya shiga nuni, kuma kowane maƙeri ya yi tambarinsa. Tagulla da gaci ba abin kunya ba ne. Mutanen Bida sun yi suna da tagulla ba tare da sun kira ta zinariya ba. A rubuta gaskiya a jikin takardar farashi kawai.

Akwai kuma haɗa wuta da wurin baƙi a ɗaki ɗaya. Azurfa zalla sai zafi ya haura digiri 960 a ma'aunin Celsius take narkewa, zinariya zalla kuwa sai ya haura 1,060. Ga hayaƙin gawayi, ga ƙaurin kakin zuma idan ana zubi irin na giciyen Agadas, ga tururin asid na wanke kaya. Hayaƙin nan na dusashe hasken azurfar da ke cikin gilashi, ya kuma ci ƙirjin mai aiki a hankali. A raba da bango, a bar taga babba wadda baƙo zai leƙa ya ga aiki. Tukunyar gas ta zauna a waje, bokitin yashi kusa da murhu. Kada a sayi sinadarin liƙi da ba a san me ke cikinsa ba, don wasu masu arha na ɗauke da guba mai lahani ga huhu da ƙoda. Niƙa dutsen zinariya kuwa kada ya kusanci wurin ko kaɗan. Gubar dalma da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 daga irin wannan niƙan a cikin gidaje ta fito.

La'ada ma na jawo rigima idan an bar ta a baki. A tsayar da kason da wurin zai ɗauka a kan kowane ciniki, da ranar da za a biya maƙeri, da wanda zai ɗauki asara idan kaya ya ɓata a hannun mai tsaron shago. Mai tsaron nan, gara ya zama ba maƙeri ba, ko kuwa a riƙa karɓa-karɓa, saboda kowa hannunsa zai fi saurin kaiwa ga nasa kayan. Batun sayar da zinariya bashi ko musayar tsohuwa da sabuwa yana da hukunci a shari'a, hannu da hannu ake so, don haka a zauna da malami tun farko a tsara yadda za a riƙa yi.

Wani abin da ke damuna ƙwarai shi ne gina wuri don Turawan yawon buɗe ido kaɗai. Maƙeran Agadas sun ɗanɗana wannan: tawayen 2007 da sace ma'aikata a Arlit a 2010 sun janye baƙi, kuma shigar tsohon garin cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013 bai dawo da kasuwar yadda take ba. Mai sayen da ba ya yankewa yana nan kusa: mai haɗa lefe, mai neman zoben azurfa na Sallah, matar da sarƙarta ta tsinke ko ɗan kunnenta ya ɓalle. Gyara da wanki da rage zobe su ne ke biyan haya a watannin da kasuwa ta yi sanyi, saboda haka a ba su teburi na musamman a bakin ƙofa. Hotuna masu haske a WhatsApp da Instagram su biyo baya, tare da nauyin kayan da irin ƙarfensa.

Sai mata masu shirya tsakiya da murjani. Sau da yawa akan tuna da su ne bayan an gama rabon wuri, a ba su kusurwa. Alhali su ne suka san abin da amare ke so bana, kuma su ke shiga gidajen da namiji ba ya shiga. A ba su kujera a kwamiti da kaso daidai da na kowa, a kuma tsara lokacin aikinsu yadda zai dace da hidimar gida. Yaran da ke koyon aiki su ma a rubuta tun ranar farko wane ne ubangidan kowanne, da shekarun da zai yi kafin a yaye shi, da ko zai iya samun benci a nan idan ya gama.