Yadda za ka bar giya kuma ka ɗore, da taimakon waɗanda suka riga ka bari

Barin giya na sati guda ba wani abu ba ne, mashaya da yawa suna ajiye ta duk azumi, wata guda cur ko ɗigo, amma ana gama sallah da kwana biyu sai ka ga an koma ruwa. Wahalar tana wajen ɗorewa, kuma nan Sakkwato abin da ke kada mutane shi ne ɓoyo. Tun da aka fara shari'a a 2000 mai sha a ɓoye yake sha, to in ya tashi bari ma a ɓoye yake son bari, shi kaɗai, ranar da sha'awar ta taso mishi da ƙarfi ba shi da wanda zai kira.

Amma kafin maganar abokai, ɗan'uwa, in kai mai sha ne kullum kuma da yawa, kar ka yanke ta dare ɗaya a ɗaki. Jikin da ya saba yana fara rawar hannu da zufa da rashin barci cikin awa 6 zuwa 24, wasu su yi jijjiga kamar farfaɗiya cikin kwana biyu, wajen kwana na uku kuma wani ya rikice yana ganin abubuwan da babu su, gida a ce aljanu ne a tafi neman mai ruƙiyya alhali abin yana iya kisa. Ka je asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Kware ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ka faɗa wa likita gaskiyar yawan da kake sha, kar ka rage. Za su ba ka maganin da zai saukar da jikin a hankali da bitamin B1, akwai ma irin su naltrexone mai rage sha'awar. Na san tsoron a ce "an kai wane Kware", to ai gara a faɗi haka da a zo zaman makoki.

Yanzu sai neman mutane. Ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta mashayan da ke taimakon juna su bari, wadda ta bazu duniya, a 1935 ta fara a garin Akron na Amurka, kuma mutum biyu ne kacal, wani ɗan kasuwar hannun jari da wani likita, dukansu giya ta ci ƙarfinsu, suka lura in suna zama suna hira da juna kan matsalar sai su wuni ba su sha ba. Wannan kai ma za ka iya, ba sai da rajista ko ofis ba. Ka roƙi likitanka ko nas ko masu ba da shawara na NDLEA su haɗa ka da wani da ya daɗe da bari, in ya yarda. Ku uku ko huɗu kun isa.

Ku tsayar da rana da lokaci, kuma lokacin ya zama daidai wanda kuka saba fita sha, galibi bayan isha'i ne, a zauren ɗayanku ko shago in an rufe, ba bakin titi wurin mai shayi ba inda kowa ke kasa kunne. Abin da aka faɗa a zaman nan ya mutu nan, ko matarka ba za ka ba labarin wani ba, ranar da magana ta fita ranar tafiyar ta watse. Kowa ya yi magana bi da bi kan yadda satinsa ya wuce, ina ya kusa zamewa, me ya tsare shi. Ba wa'azi, ba gori, ba hirar daɗin zamanin sha ana dariya, wannan hirar ita ke tada tsohon miki. Sannan don Allah ban da rance tsakaninku, kuɗi na ɓata irin wannan zama da wuri.

A cikinsu ka zaɓi mutum ɗaya da ya fi ka daɗewa, ku yi alkawari za ka kira shi kafin ka sha, ba bayan ka sha ba, ko ƙarfe biyun dare ne. Sha'awar nan tasowa take ta lafa, sau da yawa kafin ku gama waya ta sauka.

Malami yana da amfani sosai amma ka duba wane. Ka nemi wanda ya san hadisin nan da ke Bukhari, na sahabin da aka sha kawowa saboda giya, wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana ya ce mutumin yana son Allah da ManzonSa. Malamin da zai sa ka a huɗuba ranar Juma'a ka gaishe shi daga nesa.

Gyaran rayuwa kuma ƙananan abubuwa ne masu gundura. Ranar albashi ko ranar da ciniki ya yi kyau ita ce mafi haɗari, ka ba uwargida ko yayanka katin ATM ɗinka na 'yan watanni. Ka canza hanyar komawa gida, tsohuwar majalisa kuma sallama daga kan mashin ta isa. Ka rubuta basussukan da ke kanka ka fara da ƙarami. Matarka ba za ta yarda da kai a wata ɗaya ba, za ta riƙa sunsunar rigarka, kar ka yi fushi, alkawari nawa ka karya mata a baya? Barci zai yi wuya na 'yan makonni, kar ka ce bari in ɗan sha tramol ko kodin ko ƙwayar barci, sauya ubangida ne kawai.

In ka zame ka sha, ka kira mutuminka a ranar, ka je zama na gaba ka faɗa da bakinka, kar ka ce sai azumi ya zo in sake sabon lale. In shan ya ɗauki kwanaki a jere ka koma wurin likita kafin ka sake yankewa. In kuma Allah Ya sa ka kai shekara, ka bar lambarka wurin nas ɗin da ta haɗa ku, ka ce in sabon mutum ya zo yana neman abokin magana a ba shi.