Shawara ga masu son sa gilashin gaba a babur roba-roba

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun da hunturu ya kawo jiki, ga abin da na koya wajen ɗaura gilashin tare iska.

Yawancinsu a gindin madubi ake ɗaure su, don haka ku duba kaurin ƙarfen madubinku kafin ku saya, akwai mai milimita 8, akwai mai 10. A yawancin baburan Yamaha, madubin dama juyinsa a baibai yake, kada ku tilasta shi.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen ɗauri. Gilashin nan roba ce. A sa 'yan robobin da ya zo da su ciki da waje, a ɗaura notina sako-sako tukuna. Sannan ka hau ka zauna, ka daidaita bakinsa na sama ya tsaya daidai hancinka, domin ta samansa ake kallon titi, musamman da dare ko in ƙura ta rufe shi. Sai a matse kaɗan-kaɗan. Nawa na farko da sifana na tsage shi, har yau yana min ciwo.

Ku juya kan babur hagu da dama ku tabbatar gilashin bai danne wayar birki ba. Wajen gogewa kuma, ruwa da tsumma mai laushi kawai, ban da fetur.