Yadda Ake Jinyar Wanda Ba Ya Iya Motsi

Idan ƙashi ya karye, hana shi motsi shi ne magani, shi ya sa ake ɗori ko a sa filasta. Sauran jiki kuwa ba ya jure zama wuri guda. A 1966, a birnin Dallas na Amurka, an kwantar da samari biyar lafiyayyu a gado har mako uku. Da aka sake auna su bayan shekara 30, sai aka ga kwanciyar nan ta fi tsufan shekarun rage musu ƙarfin zuciya. To ina ga dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar?

Da farko, ke mai jinya, ki riƙa juya shi duk bayan awa biyu, har da dare, don kada kwanciya wuri guda ta jawo masa gyambo. Nan ne jinya ke da wuya, don haka a yi karɓa-karɓa a gida. Kada ki ɗora shi kacokan a kan ƙashin ƙugu. Ki ɗan karkata shi, ki tokare bayansa da filo, ki sa wani tsakanin gwiwoyi, wani kuma ƙarƙashin sha-raɓa yadda dunduniya ba za ta taɓa katifa ba. Ku ɗaga shi ku biyu da zanin gado. Jan sa a kan katifa na saluɓe fata.

Kowace juyawa, ki duba inda ƙashi ya turo: dunduniya, ƙugu, saman ɗuwawu, allon kafaɗa. A baƙar fata ba lallai ki ga ja ba. Wurin kan ƙara duhu, ya yi zafi ko tauri. Kada ki murza shi da sunan tausa, ɓarna ce kawai. Ki ɗauke wa wurin nauyin jiki, ki nuna wa nas kafin ya zama gyambo.

Fitsari ko gumi kada su kwana a jikinsa. A wanke, a tsane, a miƙe zanin gado.

Kunu kaɗai ba zai riƙe shi ba. Ki haɗa da ƙwai, wake, kifi da nono, a zaunar da shi kafin ya ci don kada ya ƙware.

Kullum ki lanƙwasa masa gaɓoɓi a hankali ki miƙe, ban da wurin karaya, don kada su sandare. Jinin da ba ya gudu yana iya daskarewa a jijiyar ƙafa. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya, kada a tausa, kada a jira gari ya waye. A tafi asibiti.