Yadda ake ƙarfafa bodin tsohuwar Mustang kafin a ƙara wa injinta ƙarfi

Motocin Amurka masu manyan injina na shekarun 1960 ba ƙira ɗaya aka yi musu ba. Chevelle da GTO suna zaune ne a kan shasi daban. Camaro ta 1967 zuwa 1969 tana da rabin shasi a gaba, wanda aka ɗaure da noti a kan robobi. Ita kuwa Mustang ba ta da shasi kwata-kwata, bodin ne ke ɗaukar komai. Shi ya sa tsatsar da za a yi wa Chevelle haƙuri da ita, a Mustang tana iya sa ƙofa ta ƙi rufuwa.

Fara da gano abin da kamfani ya sa mata. Ka shiga ƙarƙashinta da tocila, ka duba bayan tayoyin gaba, inda dogon ƙarfen da ke riƙe da injin ya kusanci ƙarfen ƙasan ƙofa. A nan ake samun wani akwatin ƙarfe da masu sana'ar ke kira tok-bos, shi ne ke hana bodi murɗewa. Masu buɗaɗɗen rufi sun zo da shi ta kowane gefe tun farko, har da ƙarin ƙarfe a cikin ƙasan ƙofa, domin ba su da rufin da zai riƙe su. Masu rufi na 1965 da 1966 ba su da shi a gaba. A 1967 aka sa ɗaya ta gefen direba, a 1968 aka cike biyu. Inda babu shi, sai a sa mata sabo da walda. Kamfanin motoci na Chrysler ma ya san darajarsa: motocinsa masu injin 426 Hemi ya sa musu irin akwatunan masu buɗaɗɗen rufi, ko da suna da rufi.

Kafin ka kunna injin walda, ka daidaita motar. Wannan matakin shi aka fi yi wa gaggawa, kuma shi ne ba ya gyaruwa daga baya. A ɗora ta a wuri mai lebur, nauyinta yana kan tayoyi ko kan aksil, kar a rataye ta da jak ta gefe guda. Ka auna ƙasanta daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu. In bambancin ya wuce milimita 3, a fara ja ta ta miƙe. Ka rubuta faɗin tazarar kowace ƙofa, sama da ƙasa. Duk karkatar da motar ke da ita a lokacin walda, a haka za ta dawwama. In mai buɗaɗɗen rufi ce kuma za a yanke ƙasanta, a fara tokare bakin ƙofofi da bututun ƙarfe, in ba haka ba tsakiyarta za ta lotsa.

Cire kan batir, kafet da kujeru. Kauce da bututun fetur da na birki daga inda wuta za ta taɓa, ka ajiye abin kashe gobara kusa, da mutum guda yana lura da cikin motar.

A goge ƙarfe har ya yi fari. Inda sukuddireba ta huda, a yanke a sa sabo. Walda a kan tsatsa ƙarya ce. A huda ramuka na milimita 8 a gefen sabon akwatin, tazarar santimita 4 zuwa 5, a shafa fentin kariya mai jure walda a fuskokin da za su haɗu, a matse sosai, sannan a cike ramukan ɗaya bayan ɗaya ana tsallakawa. Waldar MIG, wato mai aiki da waya da gas, da waya mai milimita 0.6 ko 0.8 ta fi dacewa. Waldar sanda tana ƙona siririn ƙarfen, dogon layi ba hutawa kuma yana lanƙwasa shi.

Bayan an gama da akwatunan sai bututu biyu masu kusurwa huɗu, kaurin bango kamar milimita 3, da za su haɗa ƙarfen gaba da na baya. A yi musu walda. Na noti suna faɗaɗa raminsu da tafiya, su fara ƙara.

A ɗakin injin, duba mazaunin shokazoba, musamman wajen notin hannun taya na sama, domin nan yake tsagewa. A huda ƙaramin rami a ƙarshen tsagar don kar ta ci gaba, a yi walda, a ƙara faranti. Sai a sa ƙarfe guda mai haɗa mazaunan biyu da bangon gaban direba, da sandar da ke ratsa saman injin, irin waɗanda Mustang ƙirar Shelby GT350 ta 1965 ta zo da su. In ramukan ba su hau ba, mazaunan ne suka sunkuyo ciki: a buɗa su da jak, kar a faɗaɗa ramukan.

Saura maganar kare rai, wadda ta fi duk wannan. Shugaban Amurka na lokacin, Lyndon Johnson, ya sa hannu a dokar lafiyar motoci a 1966, ƙa'idojinta na farko suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 1968: bel na ƙugu da na kafaɗa, sandar sitiyari mai lotsewa, da birki mai layi biyu. Matashin kai ya biyo baya a 1969, ƙa'idar ƙarfin ƙofa da ta bamba mai jure karon mil 5 a sa'a kuma a 1973. Mustang ta 1965 da 1966 ta riga waɗannan duka. Tukunyar man birkinta ɗaya ce, bututu guda ya fashe ba birki ko a taya ɗaya. A canja ta da mai gida biyu irin ta 1967, a raba layin gaba da na baya. Wajen ɗaura bel, kar a dogara da siririn ƙarfen daɓe: a sa faranti mai kaurin milimita 3 ta ƙasa, a zagaye kusurwoyinsa don kar su yaga daɓen, a yi amfani da notin bel na ainihi mai inci 7/16.

In an gama, a sake auna tazarar ƙofofi a gwada da abin da aka rubuta, a toshe haɗe-haɗen da manne, a fesa kakin hana tsatsa cikin akwatunan, a bar ramukan fitar ruwa a buɗe.