Yadda na gyara harbin da ke sauka ƙasa ta hagu

A wasan bindigar iska ta hannu, nisan mita 10, harsashin dalma mai kaurin milimita 4.5, harbina duk ƙasa ta hagu yake taruwa. Mai harbi da hannun dama yakan yi gaggawar murɗa saiti, wato abin auna bara da ke saman bindiga, alhali sau da yawa laifin riƙo ne. Idan ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka ƙara matsewa daidai lokacin jan kunama, bakin bindiga sai ya sunkuya.

Na mayar da matsin ya zama gaba da baya: yatsan tsakiya shi ke ɗaukar nauyi, babban yatsa a kwance, ba ya danna komai. Kunama kuwa da tsokar gaɓar farko ta manuniya ake janta, kai tsaye baya, ba da lanƙwasar gaɓa ba. Sai atisayen jan kunama babu harsashi, minti 15 kullum, ido kan saitin gaba. In ya motsa, hannu ne.

Nauyin kunama na bar shi ɗan sama da giram 500, mafi ƙarancin nauyin da dokar ISSF, hukumar wasan harbi ta duniya, ta yarda da shi. Sai da harbi 10 suka dunƙule wuri guda na taɓa saitin baya, bayan na ɗaure sukurun mariƙi da ya saki.