Yadda Za Ka Saba da Zama a Gaban Ubangiji Tun Daga Farkawa Har Kwanciya

A Fitowa sura 33 Allah ya yi wa Isra'ilawa wani tayi wanda nake jin yawancinmu da hannu biyu za mu karɓa. Bai daɗe da kama su suna yi wa ɗan maraƙin zinariya sujada ba, sai ya ce wa Musa su tashi su nufi ƙasar alkawari. Zai aiki mala'ika ya wuce gabansu, zai kori Kan'aniyawa, ƙasar mai madara da zuma tasu ce. Abu ɗaya ne ya cire daga ciki: shi kansa ba zai tafi a tsakiyarsu ba, domin mutane ne masu taurin kai. Musa ya ƙi. Ya ce in dai Ubangiji ba zai tafi tare da su ba, kada ma ya ɗaga su daga wurin, domin in ba shi a cikinsu, me zai bambanta su da sauran al'umman duniya?

Ka saurari addu'o'inmu da kyau, za ka ji yawanci ƙasar muke roƙo, da mala'ikan, da nasara a kan magabta. Ba laifi ba ne, Yesu da kansa ya koya mana roƙon abincin yini. Amma Kirista yana iya samun duk waɗannan, yana zuwa majami'a, yana riƙe da muƙami a ikilisiya, alhali rabonsa da ya tsaya ya san cewa Allah yana tare da shi har ya manta. Abin da zan faɗa a nan shi ne hanyar da nake bi, wadda kuma nake nuna wa duk wanda ya tambaye ni yadda ake yi.

Fara da gyara tunani ɗaya, ɗan'uwa, domin in ya karkace komai zai karkace. Ba kai ne za ka kawo Allah ba. Yana nan tun kafin ka buɗe baki. Zabura 139 ta bi sama, ta bi kabari, ta bi ƙarshen teku, ba ta sami inda ba ya nan ba. Linjilar Matiyu ta buɗe da Immanuwel, ta rufe da alkawarin Yesu cewa yana tare da mu kullum har matuƙar zamani. Bulus ya gaya wa Korantiyawa cewa jikinsu haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, kuma ka san Korantiyawa, ikilisiyar da rigima ba ta ƙarewa a cikinta. Yakubu ya kwana a Betel da dutse a ƙarƙashin kansa, yana gudun ɗan'uwan da ya zambata, ya farka ya ce lalle Ubangiji yana wurin, shi ne bai sani ba. Matsalarmu ke nan: rashin sani. Saboda haka duk abin da zan lissafa a gaba horon hankali ne da zuciya.

Na dage a kan wannan ne saboda 1 Sama'ila sura 4. Filistiyawa sun kashe wa Isra'ila mutum wajen 4,000, sai dattawa suka ce a ɗauko akwatin alkawari daga Shilo a kai bakin daga. Aka kawo, aka yi sowa har ƙasa ta girgiza. Ranar mutum 30,000 suka faɗi, aka ƙwace akwatin, 'ya'yan Eli biyu suka mutu. Sun mai da alamar kasancewar Allah laya, sun ɗauka ƙarar murya za ta tilasta masa. Ina son waƙa mai ƙarfi a sujada, kada a ji ni ba daidai ba. Sai dai tsikar jiki tana tashi a filin ƙwallo ma, don haka ba ita ce ma'auni ba.

To, da safe. Ka zaɓi lokaci ɗaya da wuri ɗaya, ka riƙe su. Markus ya ce Yesu ya tashi tun da sauran duhu ya tafi inda ba kowa ya yi addu'a, kuma a Matiyu sura 6 ya ce ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa. In ba ka da ɗakin da za ka rufe, kusurwa ta isa, kujera ta isa. Minti goma sha biyar na kullum sun fi awa biyu na ranar da zuciya ta motsa, domin sannu ba ta hana zuwa. Waya kuma ta zauna nesa da hannunka. Na san da yawa a waya suke karanta Littafi Mai Tsarki, amma saƙo ɗaya ya shigo, an gama da kai. In akwai na takarda, shi za ka ɗauka da safe.

Kada ka fara da roƙo. Zauna, ka ce da bakinka, "Ya Ubangiji, kana nan, ga ni." Sa'an nan ka karanta ɗan kaɗan: Zabura ɗaya, ko labari ɗaya daga Linjila. Ga mai farawa ina ba da shawarar Markus, sura 16 ce kawai kuma ba ta da jan magana. Ka karanta a hankali, ka maimaita, har wata jimla ta tsaya maka. Nan za ka tsaya, ka yi wa Allah magana a kanta da irin bakin da kake magana a gida, ba sai ka nemo manyan kalmomin bagade ba. Bayan haka ka yi shiru na 'yan mintoci. Wannan shirun shi ne ya fi wa mutane wuya, shi ne kuma aka fi tsallakewa.

Tunaninka zai gudu, wannan tabbas ne. Bashi zai zo, maganar da wani ya gaya maka jiya za ta zo, har abin da ka manta shekara da shekaru zai leƙo. Ka ɗauke shi kamar akuyar da ta tsinke igiya: ba tsayawa za ka yi kana zaginta ba, igiyar za ka kamo ka mai da ita turke. Turken shi ne jimlar nan da ka karanta. Ko sau nawa ta tsinke, kamowa za ka yi, kuma kowace dawowa addu'a ce. In abin da ya shigo aiki ne na gaske da kake tsoron mantawa, rubuta shi a takarda ka ajiye. In kuwa damuwa ce mai nauyi da ta ƙi tafiya, wataƙila ita ce abin da ya kamata ka kai gaban Allah a safiyar nan, sai ka bar shirinka ka kai ta.

Amma safiya ƙofa ce kawai, yini ne gidan. A nan nakan tuna da Nicolas Herman, wanda aka fi sani da Ɗan'uwa Lawrence. Tsohon soja ne ɗan Faransa da ya ji rauni a yaƙi ya zama mai ɗingishi, ya shiga gidan sufayen Karmel a birnin Paris. Bai zama firist ba. Ɗakin girki aka kai shi, aikin da ba ya so, ya yi shekaru a can, daga baya aka mai da shi gyaran takalma, har ya rasu a 1691. Abin da ya sa manya suke zuwa neman shawararsa shi ne ya saba wa kansa yin hira da Allah a cikin hayaniyar tukwane, har lokacin aiki da lokacin addu'a suka daina bambanta a wurinsa. Abin da ya fi burge ni a halinsa shi ne yadda yake yi in ya faɗi: ya furta laifinsa, ya roƙi gafara, ya ci gaba, ba ya zama yana cin kansa.

Yadda za ka yi naka shi ne ka ɗaura gajeriyar addu'a a jikin abubuwan da dole ka yi su kowace rana. Lokacin da ka sa hannu a ƙofa za ka fita. Kafin ka amsa kiran wanda ka san zai ɓata maka rai. Lokacin wanke hannu. Zaɓi biyu ko uku, kada ka kwashi da yawa. Nehemiya ya yi irin wannan a gaban sarkin Farisa: sarki ya tambaye shi abin da yake so, kuma tsakanin tambayar da amsar ya yi addu'a ga Allah na Sama. Wannan ba ta wuce numfashi ɗaya ba. Kiristocin Orthodox na gabas sun daɗe da tasu da suke maimaitawa: "Ya Ubangiji Yesu Almasihu, Ɗan Allah, ka yi mini jinƙai, ni mai zunubi." Tushenta yana Luka sura 18, a bakin mai karɓar haraji da na makahon Yariko. Ni ita nake riƙewa a ranakun da kaina ya cika. Kana iya ɗaukar rabin aya daga karatun safiyarka, ba dole sai wannan ba.

Akwai wani ɗan mishan Ba'amurke, Frank Laubach, wanda a 1930 a tsibirin Mindanao na ƙasar Filifin ya ɗaura wa kansa tuna Allah aƙalla sau ɗaya a kowane minti. Ina girmama shi, amma ba na ba mai farawa wannan shawara, domin mai saurin zargin kansa zai mai da abin lissafi ya gaji. Daniyel sau uku yake durƙusawa a rana, kuma da aka kafa dokar hana addu'a, Nassi ya ce ya ci gaba ne kamar yadda ya saba. Sabon shi ne abin nema.

Akwai abin da ke toshe kunne, kuma gara a faɗe shi a fili. Zunubin da ka sani, ka kuma yanke shawarar ci gaba da shi, zai sa ka riƙa gudun shiru, domin ka san abin da za a taɓo. Samson ya farka ya ce zai fita kamar dā, bai san Ubangiji ya rabu da shi ba. Haka ma riƙon mutum a zuci. Yesu ya ce in ka kawo baiko bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon ka je ku shirya tukuna. Sau da yawa wanda ya zo yana kukan ba ya jin Allah, in aka zauna aka bi zancen, sai a tarar akwai wanda ya daina gaisarwa. Wani lokaci matakin ruhaniya mafi girma da za ka ɗauka a makon shi ne ka je ka ba da haƙuri, ko ka mayar da abin da ba naka ba.

Kada kuma ka janye daga jama'a da sunan kana neman Allah kai kaɗai. Ya yi alkawarin kasancewa inda biyu ko uku suka taru da sunansa. Almajiran nan biyu na hanyar Imuwasu sun yi doguwar tafiya da shi ba su gane shi ba sai da ya gutsuttsura gurasa, don haka kada ka yi wasa da Jibin Ubangiji. A Matiyu sura 25 kuma ya ajiye kansa a wurin mayunwaci, da baƙo, da marar lafiya, da ɗan kurkuku.

Da dare, kafin barci, minti biyar. Ignatius na Loyola, firist ɗan Katolika wanda ya rasu a 1556, ya koya wa mabiyansa su riƙa bitar yininsu a gaban Allah, kuma Furotesta ba shi da abin tsoro a ciki. Ka yi godiya a kan abubuwa takamaimai, ka ambace su da suna. Ka bi yinin daga safe, ka ga inda ka tuna da shi da inda ka yi kamar ba ya nan. Ka nemi gafara, ka miƙa masa gobe, ka kwanta.

Saura lokacin fari, wanda ba a cika yin wa'azinsa ba. Za ka yi duk abin nan, ka bincika zuciyarka ba ka ga wani zunubi da kake ɓoyewa ba, amma sama ta yi shiru. Zabura 88 addu'a ce da ta fara da kuka ta ƙare da duhu, babu juyawa zuwa yabo a ƙarshe, kuma Ruhu Mai Tsarki ya bar ta a cikin Littafin. Mama Teresa ta Kolkata ta rasu a 1997, sai da aka buga wasiƙunta a 2007 duniya ta san cewa ta yi shekaru da dama tana jin kamar Allah ya yi nisa, alhali kowace safiya tana addu'a tana fita wurin masu mutuwa a bakin titi. Duk wanda ya ce maka bushewa alama ce ta rashin bangaskiya bai karanta Zabura da kyau ba.

A irin wannan lokaci kada ka rage lokacinka na safe, kada kuma ka ninka shi don ka tilasta wani abu ya faru. In kalmominka sun ƙare, ari na Zabura, ka karanta 13, da 42, da 88 da ƙarfi. Kada ka yanke babbar shawara, kamar barin ikilisiya ko ajiye hidima, a tsakiyar duhun. Ka gaya wa fastonka ko wani dattijo cikin bangaskiya wanda ba zai yi saurin yanke maka hukunci ba. Sa'an nan ka duba jikinka. Da Iliya ya gudu daga Yezebel ya kwanta ƙarƙashin itace yana roƙon mutuwa, abin da Allah ya fara aiko masa shi ne abinci da ruwa, ya bar shi ya sake barci, magana sai daga baya a Horeb. In ka ga barci ya ƙaurace maka, abinci ba ya shiga, abubuwan da kake so dā sun fita ranka har makonni, ko tunanin hallaka kanka yana zuwa, ka gaya wa wani na kusa da kai yau, ka je ka ga likita, kana ci gaba da addu'arka.