Babi na Bakwai: Yadda Ake Amfani da Katin Alawus na Inshorar Lafiya a Amurka

Iyayena da yayyena, wannan babi na waɗanda ke zaune a Amurka ne, waɗanda suka kai shekara 65 ko suke da wata nakasa, kuma kamfanin inshorar lafiyarsu ya aiko musu da kati ta gidan waya, yana cewa za su iya yin sayayya da shi. Kowa ya fito da duk katunan da ke jakarsa ya jera su a kan teburi, ya buɗe littafin rubutunsa, ya riƙe biro. Wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba kada ya ji kunya, domin za mu bi komai sannu a hankali.

Darasi na Ɗaya: Gane Katin

Ku nemo katin nan mai launin ja da fari da shuɗi. Wannan shi ne katin Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya wadda aka kafa a 1965, kuma a jikinsa akwai lamba mai haruffa da alƙaluma 11. Ba a sayen komai da shi a kanti, don haka ku mayar da shi jaka. Masu karɓar tallafin abinci na SNAP suna da wani katin da ake kira EBT, mai lambar sirri huɗu. Shi ma ba shi muke nufi ba, amma ku bar shi a gefen teburi, za mu buƙace shi a darasi na uku.

Katin da muke magana a kansa yana ɗauke da sunan kamfani, kamar UnitedHealthcare ko Humana ko Aetna, kuma yana zuwa ne ga wanda ya shiga tsarin Medicare Advantage, wato tsarin da kamfanoni masu zaman kansu ke gudanarwa da amincewar gwamnati. UnitedHealthcare yana kiran nasa UCard, sauran kuma kowa da sunan da ya raɗa wa nasa. Kamfanin ne ke zuba kuɗi a ciki, ba gwamnati ba, shi ya sa adadin yake bambanta daga kamfani zuwa kamfani, daga tsari zuwa tsari, har daga gunduma zuwa gunduma. Idan maƙwabcinku ya ce nasa ya fi naku, ba cutar ku aka yi ba, tsarinku ne ba ɗaya ba. Waɗanda ke da Medicare a haɗe da Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, su ne suka fi samun alawus mai kauri.

Yawancin katunan sai an buɗe su kafin su fara aiki. Ku juya katin. A bayansa akwai lambar waya da aka rubuta da ƙananan alƙaluma. Ku ɗora yatsa a kanta, ku kwafe ta da manyan alƙaluma a shafin farko na littafinku, sannan ku karanta wa na kusa da ku, shi kuma ya duba katin ya tabbatar ba ku tsallake ko ɗaya ba. Madalla. Wannan lambar ita za ku kira a buɗe katin, kuma ita ce za mu yi ta komawa gare ta har ƙarshen babin.

Darasi na Biyu: Duba Abin da Ya Rage Kafin a Fita

Wannan darasi shi ne ginshiƙin babin, kuma a nan ne na ga ɗalibai sun fi tuntuɓe. Kuɗin da ke cikin katin ba dunƙule yake ba. Ya yi kama da jaka mai aljihu biyu ko uku: aljihun magungunan da ake saye ba tare da takardar likita ba, aljihun abinci da kuɗin wuta, a wasu tsare-tsaren kuma da aljihun haƙori da ido da kunne. Wasu kamfanoni sun haɗe aljihunan wuri ɗaya, wasu sun raba su, kuma inda aka raba, kuɗin wannan aljihu ba ya biyan kayan wancan. Ba za ku san naku ba sai kun tambaya.

Ga yadda ake tambaya. Kafin ku sa takalmi, ku zauna, ku kira lambar da kuka kwafa a shafin farko. Idan Turanci ya yi muku nauyi, da zarar mutum ya ɗauka ku ce "Interpreter, Hausa", wato kuna neman tafinta. Kyauta ne, haƙƙinku ne, ba alfarma ake yi muku ba, ko da yake wani lokaci sai an ɗan jira kafin a samo shi. Za a tambayi sunanku, ranar haihuwarku da lambar katin. Tunda ku ne kuka kira lambar da ke bayan katinku, babu laifi ku faɗa. Daga nan sai ku yi tambayoyi uku: Nawa ya rage? Na sayen me ne? Yaushe zai ƙare?

Ku maimaita su da baki, kowa da kowa. Nawa ya rage? Na sayen me ne? Yaushe zai ƙare? Hajiya da ke can baya, ina so in ji muryarku. Yauwa, haka nake so.

Ku rubuta amsar a littafi tun kuna kan waya, kada ku ce za ku riƙe a ka. Ku lura da yadda ake rubuta kuɗi: alamar dala tana zuwa a gaba, ɗigo kuma yana raba dala da santi. Idan kuka ga $42.50, dala 42 ne da santi 50, ba dala 4,250 ba. Ku lura da kwanan wata kuma, domin Amurkawa suna fara rubuta wata kafin rana. Idan kuka ga 03/31, ana nufin 31 ga Maris, idan kuma 06/01 ne, 1 ga Yuni ake nufi, ba 6 ga Janairu ba. Kowa ya rubuta waɗannan misalai uku a littafinsa, ya karanta su da ƙarfi.

Tambaya ta uku tana da nauyi saboda kuɗin nan ba ajiya ba ne. Wasu kamfanoni suna zubawa kowane wata, wasu kowane wata uku, kuma a tsare-tsare da yawa abin da ba a kashe ba yana ɓacewa idan wa'adin ya cika. Masu na wata uku su rubuta ranakun nan: 31 ga Maris, 30 ga Yuni, 30 ga Satumba, 31 ga Disamba. Na san an tarbiyyantar da mu a kan tattali, kuma ɗabi'a ce mai kyau, amma wanda ya yi tattalin wannan kuɗi kamfani yake tara wa. Akwai tsare-tsaren da ke barin ragowar ta tsallaka zuwa wata na gaba, sai dai kada ku ɗauka naku yana cikinsu har sai tafinta ya faɗa muku da bakinsa.

Masu babbar waya za su iya duba ragowar a manhajar kamfanin, inda kalmar "Balance" take nuna abin da ya rage. Ko ta waya ko ta manhaja, dokar ɗaya ce: a duba kafin a fita, ba a gaban mai karɓar kuɗi ba, ba kuma bayan an cika keken kaya ba. Ko jiya kuka duba, yau ma ku sake dubawa, musamman idan kun yi odar wani abu ta waya a tsakani. Yanzu kowa ya juya ga na kusa da shi, ɗaya ya zama ma'aikacin kamfani, ɗaya ya yi tambayoyin uku, sannan ku musanya. Ku yi haka har sai tambayoyin sun zauna a bakinku.

Darasi na Uku: A Cikin Kanti

Ba kowane kanti ke karɓar katin ba. Manya irin su Walmart da CVS da Walgreens suna cikin jerin kamfanoni da yawa, amma ƙananan shagunan 'yan'uwanmu inda muke sayen naman halal da garin tuwo da daddawa sau da yawa ba sa ciki. Ku tambayi kamfanin kantunan da ke kusa da gidanku, ku rubuta sunayensu a ƙarƙashin lambar wayar.

Aljihun magani yana sayen abubuwa kamar maganin ciwon kai da na mura, bitamin, man goge baki da buroshi, filasta da bandeji, ma'aunin zafin jiki da kunzugun manya. Aljihun abinci yana sayen irin su kayan lambu, 'ya'yan itatuwa, madara, ƙwai, nama, kifi, wake da shinkafa. Ba ya sayen taba ko giya, ba a cire tsabar kuɗi da shi a na'urar banki, kuma aljihun magani ba ya biyan kason da ake karɓa a kan maganin da likita ya rubuta.

Kun duba abin da ya rage kafin ku fito? Idan ba ku duba ba, ku tsaya a bakin ƙofa ku kira. A ce an gaya muku dala 60 ta rage. Ku riƙa haɗa farashi a littafi yayin da kuke ɗaukar kaya, ku tsaya a wajen dala 55, don ku bar wa kuskuren lissafi wuri. Da kun isa wurin biya, ku ware kayan da katin ke saye daga sauran, ku fara miƙa katin alawus, abin da ya saura kuma ku biya da EBT ko da kuɗinku. Wasu katunan ana goga su a na'ura, wasu kuma mai karɓar kuɗi ne ke haska zanen layukan da ke bayansu. Idan na'ura ta nemi ku zaɓa tsakanin "Credit" da "Debit" alhali ba a ba ku lambar sirri ba, ku danna "Credit". Wannan ba ya nufin kun ci bashi. "Approved" na nufin an karɓa, "Declined" na nufin an ƙi. Ku karɓi rasit, ku adana shi a cikin littafin.

A nan dole in yi magana, ku gafarce ni, ku iyaye ne. Kullum sai wani ya dawo aji ransa a ɓace, yana cewa katin ya lalace, an kunyata shi a gaban layi. Idan na tambaye shi ko ya kira kafin ya fita, sai ya sunkuyar da kai. Katin lafiyarsa ƙalau, kuɗin ne ya ƙare, ko wa'adi ya wuce, ko an ɗauko abin da ba ya cikin jeri. Mun yi tambayoyin nan uku a aji har muryata ta dushe, kuma kiran bai fi 'yan mintoci ba. Haka kuma masu ba jikoki katin su je su sayo abin da ransu ke so, da masu tara maganin ciwon kai a akwati don tsarabar gida, su daina. An bayar da alawus ɗin ne don lafiyar mai sunan da ke kan katin, kuma saɓa wannan na iya jawo a rufe shi.

Darasi na Huɗu: Biyan Kuɗin Wuta, Gas da Ruwa

Ba kowane kati ke yin wannan ba. Daga 2026 kamfanoni da yawa ba sa bayar da alawus na abinci da na bil sai ga wanda aka tabbatar yana da ciwo mai daɗewa, kamar ciwon suga ko ciwon zuciya, don haka mai irin wannan lalura ya tambayi kamfanin ko akwai takardar da likitansa zai cika.

Ku ɗauko takardar bil, ku nemo lambar asusu, yawanci tana can sama kusa da sunanku, ku kwafe ta. Ku kira lambar bayan katin, ku yi tambayoyinku uku, ku ƙara ta huɗu: ta wace hanya ake biyan bil, kuma akwai caji? Wasu ta waya ake biya, wasu ta shafin intanet, wasu a teburin biyan bil na Walmart. Kuɗin yakan ɗauki kwanaki kafin ya isa, saboda haka kada a jira ranar ƙarshe. Idan bil ɗin dala 90 ne, katin kuma 60 ya rage, ragowar 30 tana wuyanku.

Darasi na Biyar: 'Yan Damfara

Medicare ba ya kiran mutum don ya tallata masa kati. Duk wanda ya kira ku yana alkawarin dubban daloli, yana neman lambar Medicare ko ta banki, ku kashe wayar. Idan kuna shakka, ku kira 1-800-633-4227, lambar Medicare ce ta gaskiya. Kada ku canja tsari saboda tallar talabijin kafin ku tabbatar likitanku da magungunanku suna cikin sabon. Kowace jiha tana da ofishin ba da shawara kyauta da ake kira SHIP, a New York kuma sunansa HIICAP.

Darasi na Shida: Tafiya da Sabuwar Shekara

Katin ba ya aiki a Kano ko Yamai ko Kumasi, ba ya aiki a Makka. Wanda ya bar yankin tsarinsa fiye da wata shida a jere ana iya cire shi, don haka mai niyyar daɗewa a gida ya sanar da kamfanin kafin ya tashi. Kafin ƙarshen Satumba kamfanin zai aiko da takardar canje-canjen shekara mai zuwa. Kada a jefar da ita, a kawo ta aji. Ana canja tsari daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba.

Darasi na Bakwai: Idan Katin Ya Ɓace

Ku kira lambar da ke shafin farko na littafinku, a rufe tsohon, a aiko da sabo.

Aikin Gida

Kowa ya kira kamfaninsa, ya rubuto amsoshin tambayoyin uku da kwanan watan da ya kira, ya zo da rasit ɗaya a mako mai zuwa.